Kundin Aiki: Tsofaffin Kalmomin Ingilishi da Asalinsu

5 ga Oktoba, 2024

A makon nan na fara aikin gadan-gadan. Ɗan littafi nake son haɗawa da Hausa, wanda zai ɗauko tsofaffin kalmomin Ingilishi da waɗanda aka daina ji a bakin mutane, ya faɗi ma'anarsu, da inda suka samo asali, da yadda suka sauya a hanya. Don ɗaliban sakandare da na kwaleji nake yi, da duk wanda ya sha haddar Turanci ba tare da an taɓa gaya masa cewa kalmomin nan suna da tarihi ba. Lokaci zuwa lokaci zan riƙa rubuta inda aka kwana a nan.

Doka ɗaya na kafa wa kaina: kalma ba za ta shiga littafin ba sai na ga shaidar cewa wani ya taɓa amfani da ita, a wane rubutu, a wace shekara, ko aƙalla a wane ƙarni. Ba ni na ƙago dokar ba, a kanta aka gina babban ƙamus na Oxford. A 1857 wasu masana harshe a Landan suka ga ƙamusun da ke hannu ba su wadatar ba, suka yi shawarar a tattara kowace kalma tare da tarihinta. James Murray ya karɓi ragamar aikin a 1879. Ya yi shela, mutane daga ko'ina suka riƙa karanta tsofaffin littattafai suna kwafo jimla a 'yar takarda, haɗe da sunan littafi da shekara da shafi, suna aiko masa ta gidan waya. An zaci shekara goma za ta isa. Kashin farko ya fito a 1884, bai wuce kalmar *ant* ba, wato ko harafin A ba a ƙare ba. Murray ya rasu a 1915 ana kan harafin T, aikin kuwa bai kammala ba sai 1928. Duk lokacin da na tuna wannan sai gaggawa ta fita daga raina.

Nawa tsarin ƙarami ne. Kowace kalma da katinta: a sama kalmar, ƙarƙashinta tsohon rubutunta da zamaninta, a bayan katin kuma bayani da Hausa. A kwalin takalmi nake jera su. Zamanan uku ne kamar yadda masana suka kasa harshen. Akwai Tsohon Ingilishi, daga wajejen shekara ta 450 zuwa 1150, wanda mutumin Ingila na yau ba ya iya karantawa sai ya zauna ya koya. Akwai Ingilishin Tsakiya, zuwa wajejen 1500, bayan mutanen Normandi sun ci ƙasar da yaƙi a 1066 sun cika fada da kotu da Faransanci. Sai wanda ya biyo baya.

19 ga Oktoba, 2024

Katin farko da na gama shi ne na *lord*. Kowa ya san kalmar, amma abin da ke cikinta ya ɓuya. A Tsohon Ingilishi *hlafweard* ce: *hlaf* burodi, *weard* mai tsaro. Mai tsaron burodi ke nan, wanda abincin gida ke hannunsa. Baki ya yi ta gugar kalmar har ta zama *hlaford*, daga baya ta tsaya a gaɓa ɗaya. *Lady* kuwa *hlæfdige* ce, mai kwaɓa burodi. Akwai ta uku da ta mutu sam, *hlafæta*, mai cin burodi, wato bara ko yaron gida da ke ci a ƙarƙashin wani.

Na daɗe a kan waɗannan ukun. Babban taken sarauta a harshen, wanda har Ubangiji ake kira da shi a coci, asalinsa ciyar da mutane ne. A bayan katin na rubuta maigida da uwargida, don mai karatu zai fi saurin kama zancen ta nan, amma na bayyana cewa kusanci ne kawai, namu ya rataya a kan gida, nasu a kan abinci.

Na kuma yi katunan kalmomin da ma'anarsu ta ƙuntata. *Meat* a da kowane irin abinci ne. *Deer* kowace dabba ce, kamar yadda *Tier* take har yau a Jamusanci. *Starve* mutuwa ce ko ta wace hanya, ba lallai ta yunwa ba. Waɗannan ba su ba ni wahala ba.

3 ga Nuwamba, 2024

Sunayen dangi. Wannan babin ya fi kowanne taɓa ni zuwa yanzu.

Mutanen Ingila na dā ba sa haɗa baffa da kawu a suna ɗaya. Ɗan'uwan uba *fædera* ne, ɗan'uwan uwa *eam*. 'Yar'uwar uba *faþu* ce, 'yar'uwar uwa *modrige*. Huɗu cif, kamar baffa da kawu da gwaggo da inna. Kawu kuma yana da matsayi na musamman a wurin ƙabilun da Ingilishi ya fito daga cikinsu. Tacitus, marubucin Rum, ya rubuta a shekara ta 98 cewa a wurin ƙabilun Jamus ɗan 'yar'uwa yana da daraja a idon kawunsa daidai da yadda yake da ita a idon mahaifinsa.

Bayan zuwan Faransanci sai kalmomi biyu suka shanye huɗun nan, *uncle* da *aunt*, waɗanda suka bayyana a rubutu wajejen 1300. Abin lura shi ne su ma a Latin ba gama-gari ba ne. *Avunculus* kawu ne kaɗai, *amita* kuma gwaggo ce kaɗai. A hanya suka faɗaɗa. *Eam* ta ƙi mutuwa da wuri, ta zama *eme*, ta daɗe a arewacin Ingila da Sikotilan, har ta bar sawunta a sunan zuriya na Eames. 'Yar'uwarta *oom* tana nan daram a harshen mutanen Holan.

Na kai katunan nan wurin wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon malamin Turanci da ya yi ritaya. Ya sa tabarau ya karanta su ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da na *eam* sama, ya ce, "Ɗana, jikokina me suke kiran ƙanen uwarsu?"

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ankul suke cewa."

"To 'yar'uwar ubansu fa?"

"Anti."

Ya ce, "Ka sa wannan a littafin. Kada ka yi wa kowa wa'azi, ka faɗa kawai."

Haka zan yi. Amma a nan, tunda kundina ne, zan faɗi abin da ke raina. Yaron da ke cewa kawu ya san ta wace kusurwa mutumin ya zama nasa, ya san wanda zai je wurinsa idan ya saɓa da uba, ya san wanda zai tsaya masa ranar neman aure. Ingilishi ya rasa wannan rarrabewar tun ƙarnoni da suka wuce, yanzu sai an ƙara bayani kafin a gane wane ɓangare ake nufi. Mu muna da ita a hannu, muna sakinta don mu ari wadda ta gaza tamu.

A babin nan na sa *sibb*, wadda ke nufin zumunta da zaman lafiya a lokaci guda. Daga ita aka sami *godsibb*, wanda ya tsaya wa jariri ranar baftisma ya zama dangi ta wajen Allah. Kalmar ta gangaro ta koma nufin ƙawayen da ke taruwa wurin mai haihuwa, daga nan ta koma hirar da suke yi, yau ita ce *gossip*, gulma. *Sibling* kuwa ta ɓace ɗaruruwan shekaru, sai a farkon ƙarni na 20 masu binciken gado da al'adu suka tono ta don suna bukatar kalma ɗaya da za ta haɗa ɗan'uwa da 'yar'uwa.

17 ga Nuwamba, 2024

Makon ƙin karɓa. Tun da abokai suka ji ina wannan aikin suke turo mini abubuwa ta WhatsApp, kuma da kyakkyawar niyya suke yi. Wanda ya fi yawo shi ne cewa *news* haruffan farko ne na arewa da gabas da yamma da kudu a Turanci. Ba gaskiya ba ne. Jam'in *new* ce, sababbin abubuwa, kamar *nouvelles* a Faransanci, kuma a tsofaffin rubuce-rubuce sau da yawa *newes* ake rubutawa, da ƙarin harafi wanda ya rushe lissafin gaba ɗaya. Ƙera kalma daga haruffan farko al'ada ce da ba ta yaɗu ba sai a ƙarni na 20. Duk tsohuwar kalmar da aka ce haka aka yi ta, a sa mata alamar tambaya.

Wani kuma ya rantse cewa *sheriff* daga Sharifi ne. Kunne yana son ya yarda, amma shaida ta ƙi. *Scirgerefa* ce, *scir* gunduma, *gerefa* wakilin sarki, kuma tana cikin rubuce-rubucen Ingila tun kafin 1066. Kama da wane ba ta wane.

Ba cewa nake Larabci bai shiga Ingilishi ba. Ya shiga sosai. *Admiral* daga amir ne, ta hanyar Faransanci. *Cipher* da *zero* duka daga sifr ne, tushen sifilinmu. *Magazine* daga makhazin ne, ɗakunan ajiya, kuma ma'anar rumbun kaya ko na albarusai take da ita kafin wani mai buga littattafai a Landan, Edward Cave, ya sa wa mujallarsa sunan a 1731. Waɗannan suna da takardun shaida, sun shiga. Zan ware shafi biyu a ƙarshen littafin don labaran ƙarya da suka shahara, tare da dalilin da ya sa ba su tsaya ba.

8 ga Disamba, 2024

*Fortnight*, mako biyu, taƙaitawar dare goma sha huɗu ce. Tana da ƙanwa, *sennight*, dare bakwai, wadda ake rubutawa har farkon ƙarni na 19 kafin ta ɓace. Da dare suke ƙirga lokaci, kuma Tacitus ya lura da wannan ma a wurin ƙabilun Jamus. Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan, tunda mu ma da kwana muke lissafi.

Sai *overmorrow*, jibi, da *ereyesterday*, shekaranjiya. Masu jera kalmomi a intanet suna son waɗannan biyun, suna cewa Turawa sun yi sakaci sun yar da su. Na bi sawu. Dukansu suna cikin fassarar Baibul da Miles Coverdale ya yi a 1535, amma Coverdale ya dogara ƙwarai da fassarar Jamusanci, a can kuwa *übermorgen* da *vorgestern* kalmomin yau da kullum ne. Bayan shi shaidarsu ƙalilan ce. Zan sa su, don an yi amfani da su, amma zan rubuta a fili cewa ba su taɓa zama ruwan dare ba. Mai karatu ya cancanci ya san bambancin kalmar da al'umma ta yi rayuwa da ita da wadda ta leƙo ta koma.

29 ga Disamba, 2024

Hunturu ya kankama, kuma ya zo daidai da katin *apricity*, ɗumin rana a lokacin sanyi. Kalma ce mai daɗi, duk wanda ya taɓa fita shan hantsi da safiyar Disamba zai so ta. Amma da na nemi wanda ya yi amfani da ita, sai na tarar da ita a ƙamus ɗin Henry Cockeram na 1623, an ɗauko ta daga Latin, sannan kusan shiru har zamanin nan da aka farfaɗo da ita. Riga ce da aka ɗinka aka ninke a akwati, ba a fita da ita ba.

Wannan ya sa na karanta tarihin zamanin. A ƙarni na 16 da na 17 masu ilimi a Ingila sun yi ta kwaso kalmomi daga Latin da Girkanci suna cusawa a harshen, wasu don bukata, wasu don burga. Masu adawa suka raɗa musu suna kalmomin kurtun tawada, wato waɗanda ba su da gida sai a bakin alƙalami. Sir John Cheke, malamin Girkanci a Cambridge, ya tsaya kai da fata a kan a yi amfani da tushen gida. Da ya fassara Linjilar Matta sai ya rubuta *hundreder* a madadin *centurion*, shugaban sojoji ɗari, da *mooned* a madadin *lunatic*, mai taɓin hankali. Nasa ba su karɓu ba. Na ɗaya ɓangaren kuma wasu sun rayu har mun ɗauka tun fil azal suke, wasu sun mutu a shafin da aka haife su. Ƙamusun farko ma don irin waɗannan kalmomi aka yi su. Na Robert Cawdrey na 1604, mai kalmomi wajen 2,500, masu wuya kaɗai ya tara.

Akwai abin da ya fi wannan. A 1934 ƙamus ɗin Webster na Amurka ya fito da kalmar *dord*, wai ma'anarta nauyin abu gwargwadon girmansa. Babu irin wannan kalma. Wani masanin kimiyyar sinadarai ne ya aiko da 'yar takarda mai cewa *D or d*, yana nufin babban harafin ko ƙaraminsa na iya tsayawa a madadin *density*. Aka karanta ta a haɗe, aka sa ta cikin jerin kalmomi, har da yadda ake furta ta. Sai a 1939 wani edita ya lura ba ta da bayanin asali, ya bincika, asiri ya tonu. Abin da ya kama ta shi ne tambayar da nake yi wa kowane kati: daga ina kika fito?

Shawarar da na yanke ita ce kalmomin ƙamus zalla za su sami alama ta daban, kuma ba za su yi yawa ba. Zuciyar littafin kalmomin gida ce da gona da kasuwa.

18 ga Janairu, 2025

Na maƙale a wurin bugawa a kwamfuta, domin Tsohon Ingilishi yana da haruffan da babu su a allon rubutu. Babba a cikinsu shi ne þ, mai suna *thorn*, ƙaya, wanda ke ɗauke da sautin da yanzu ake rubutawa da *th*. Daga tsohon rubutun sassaƙa na ƙabilun Jamus aka gaje shi. Zuwa ƙarni na 15 *th* ta fara ture shi, a rubutun hannu kuma siffarsa ta koma kusa da *y*. Da injin ɗab'i ya zo, haruffan ƙarfen daga ƙasashen Turai aka kawo su, inda ba a san þ ba, sai masu bugu suka riƙa sa *y* a gurbinsa. Shi ya sa ake ganin *ye olde* a allon shagunan da ke son a ce sun tsufa. Kalmar farkon *the* ce, ba wanda ya taɓa furta ta da ya a zamaninta. A Sikotilan wani harafin, ȝ, ya gamu da irin wannan ƙaddara, aka musanya shi da *z*, har sunan Menzies ya zama ana rubuta shi daban da yadda masu shi ke faɗa. Mutanen Aisilan ne kaɗai suka riƙe þ har yau.

Ina buga wannan ina tunanin ƙ da ɗ da ɓ. Yawancin saƙonnin da muke aikawa a waya ba lanƙwasa a cikinsu, don na'urar ba ta zo da su a sarari ba. Abin da ya sami þ ke nan, inji ya zo daga waje ba shi da harafin. A littafin nan kowane harafi mai lanƙwasa zai fito da lanƙwasarsa, ko da zai ja mini jinkiri a maɗaba'a.

Wanda ya kafa maɗaba'ar farko a Ingila, a Westminster a 1476, shi ne William Caxton, kuma ya bar wani labari a gabatarwar wani littafi da ya buga a 1490. Wasu fatake sun shiga jirgi a kogin Thames za su ƙetara teku, iska ta tsaya, suka sauka gaɓa neman abinci. Ɗayansu, mai sayar da yadi, ya shiga wani gida ya ce wa matar gidan yana son *egges*. Ta ce ita ba ta jin Faransanci. Mutumin ya fusata, don shi ma ba ya ji, ƙwai kawai yake so. Sai wani a cikinsu ya ce *eyren* yake nufi, nan take ta gane. Caxton ya yi tambaya, to wanne mutum zai rubuta? *Egg* ta shigo ne da mutanen Sikandinabiya da suka zauna a arewa da gabashin Ingila, *eyren* kuwa 'yar gida ce ta kudu. Baƙuwar ce ta ci. Na yi wa *eyren* kati da farin ciki, don ga shaida har da muryar matar da ta faɗe ta.

Na ƙarasa da kalmomin da iyakarsu ta goce. *Apron*, ƙyallen da mai girki ke ɗaurawa a gaba, *napron* ce a da. Ana cewa *a napron*, kunne ya ji *an apron*, harafin ya koma wa maƙwabciya. *Napkin* ta riƙe nata. Haka *adder*, maciji mai dafi, daga *nædre*. Wata kuma ta bi kishiyar hanya, *an ekename*, ƙarin suna, ta zama *a nickname*. Don bayani zan kawo labari daga al-khabar da lahira daga al-akhira, inda mu ma muka haɗiye wani yanki na al ɗin Larabci muka mai da shi jikin kalma.

9 ga Fabrairu, 2025

Babin kuɗi ya kai ni nesa fiye da yadda na shirya. Kafin 15 ga Fabrairun 1971 fam ɗin Ingila sule ashirin ne, sule kuma kwabo goma sha biyu, wato 240 a fam guda. Akwai *farthing*, rubu'in kwabo, daga kalmar da ke nufin kashi ɗaya cikin huɗu, wanda aka daina karɓa a ƙarshen 1960. Matashin Landan na yau bai taɓa riƙe *shilling*, wato sule, ko *sixpence*, wato sisi, ba. Mu ma naira ta maye gurbin fam tun 1 ga Janairun 1973, amma har gobe mutum na cewa ba ni da ko sisi, kuma sule da taro da kwabo suna nan a bakin tsofaffi da cikin karin magana. Wasu tsofaffin kalmomin Ingilishi sun fi rai a Kano da Zariya fiye da inda aka haife su.

Da na bi *shilling* baya sai ta kai ni dokokin Sarki Æthelberht na Kent, wajejen shekara ta 600, waɗanda ake ɗauka su ne rubutu mafi tsufa da aka tsara da Ingilishi, ko da yake kwafin da ya tsira na ƙarni na 12 ne, a garin Rochester. Jerin diyya ne gaɓa-gaɓa. Ido idan aka cire shi *scilling* hamsin. Ƙafa hamsin. Babban yatsan hannu ashirin. Haƙoran gaba huɗu, shida-shida. Diyyar rai kuwa sunanta *wergild*: *wer* mutum namiji, *gild* biya. A dokokin yammacin ƙasar na baya, ran talaka mai 'yanci *scilling* 200 ne, na basarake 1,200. *Wer* ta mutu, amma tana ɓoye a cikin *world*, wadda asalinta zamanin mutum ne. *Hlafæta* ɗin da na rubuta a Oktoba ma a cikin dokokin nan take, an yanka abin da za a biya idan aka kashe mai cin burodin wani.

Wata tsohuwar kuma tana cikin aljihun matafiya. A buɗe fasfo a duba roƙon da ke ciki, inda ake neman a bar mai shi ya wuce *without let or hindrance*. *Let* a nan hani ce, akasin ma'anar da aka sani. Kalmomi biyu ne daban a da, *lætan* bari, *lettan* tarewa ko jinkirtawa, furucinsu ya haɗu. Ta biyun ta rage a harshen shari'a da filin wasan tanis.

12 ga Maris, 2025

Muna cikin azumi, aikin ya koma bayan sahur. Kati ɗaya zan ambata. *Uhta* sunan lokacin da ke gab da ketowar alfijir ne, kuma masu zuhudu na coci suna da addu'ar da suke rerawa a lokacin, *uhtsang*. Daga nan aka sami *uhtcearu*, baƙin cikin da ke tashin mutum kafin asuba. *Cearu* ita ce ta zama *care*, amma a da ɓacin rai take nufi. A wuri ɗaya tak aka same ta, cikin wata waƙa da ke bakin mace da aka raba da mijinta, a wani kundin fata na ƙarni na 10 da Bishop Leofric, wanda ya rasu a 1072, ya bar wa cocin Exeter.

Na yi tunanin ko ta faɗa ajin *apricity*, tunda shaidarta ɗaya ce. Na ga ba haka ba ne. Wannan a cikin magana take, a bakin mai kuka, an ƙera ta daga kalmomi biyu da kowa ya sani a lokacin. Ta shiga ba tare da alama ba, sai dai zan faɗi cewa sau ɗaya ta bayyana.

6 ga Afrilu, 2025

An sha sallah, na koma kan kwalin. Babin dangi da na lokaci da na kuɗi da na haruffa sun kammala a rubutun farko. Na gona bai yi nisa ba, ko da yake *furlong*, tsawon kunya guda, yadi 220, da *acre*, ekarmu, abin da shanun huɗa ke nomewa a yini, sun riga sun sami katunansu.

Na kuma yanke shawarar jeri. Ba zan bi abacada ba. Babi-babi zan yi bisa fannin rayuwa, don *lord* da *lady* da *hlafæta* su zauna shafi ɗaya, sannan in sa jerin abacada a baya don mai neman kalma guda. Malam ya goyi bayan haka, ya ƙara da cewa in sa yadda ake furta kowace tsohuwar kalma da rubutun Hausa, don ɗalibi ya iya faɗarta da bakinsa. Wannan ƙarin aiki ne babba, amma yana da gaskiya.

Abin da ke gabana shi ne karin harsunan karkara, kuma a nan hannuna na kan ƙamus ɗin Joseph Wright, mujalladi shida da suka fito tsakanin 1898 da 1905. An haifi Wright a 1855 kusa da Bradford. Yana ɗan shekara shida yake jan jaki a wurin fasa dutse, daga nan ya shiga masaƙa, bai iya karatu ba sai wajen shekara goma sha biyar. Ya yi karatun dare, ya tafi Jamus ya sami digirin digirgir a Heidelberg, ya zama farfesa a Oxford a 1901. Maganar manoma da masaƙa da masunta, irin wadda ya tashi yana ji, ita ya tattara kafin makaranta da jirgin ƙasa su shafe ta. Zan fara da kalmomin kiwo da na yanayi na Yorkshire, in ga nawa ne ke komawa ga mutanen Sikandinabiya kamar *egg* da *window*. Ina so in gama wannan babin kafin damina ta sauka, sannan in ba wasu ɗalibai babin dangi su karanta, in ji inda bayanin ya yi musu nauyi.